Randar Haladu da Ragon Saratu

Akwai wani bawan Allah a Zurmi da aka yi wa zaluncin da ba a taɓa yi wa ɗan Adam irinsa ba tun da aka kafa garin. Unguwa guda, dattawa da furfurarsu, suka dube shi ido cikin ido suka shirga masa ƙarya. Na tambaya daga Ƙaura har Shinkafi, ba wanda ya taɓa jin cin amana irin wannan. Ku gyara zama, masu bin wannan shafi.

Sunansa Haladu. Mutum ne mai kwarjini, ga iya kafa hula, ga basirar da ta fi ƙarfin unguwarsu. Ba wai don ina sonsa nake faɗa ba.

Ana gab da zaɓen 'yan majalisar tarayya, Haladu ya ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe akan tsaya a bakin rumfar zaɓe, duk wanda ya fito a tambaye shi wa ya zaɓa. Kafin a buɗe akwati, an riga an san wanda ya ci. Haladu ya ce ai kuwa a Zurmi ma an haifi mai wannan ilimi, kuma bana duniya za ta sani.

'Yan takara biyu ne masu ƙarfi. Akwai Alhaji Sabo, ɗan kasuwa, gwanin Haladu. Akwai kuma Malam Mahmuda, tsohon hedimasta.

Ranar zaɓe Haladu ya kafa randa a gindin darbejiya, a kan hanyar da maza ke bi in sun fito daga firamaren da aka sa rumfar. Ya cika ta da ruwa, ya jefa ƙanƙara. Ya manna hoton Alhaji Sabo a jikinta, wai don ado. Ya ajiye ƙwarya biyu da mudun wake. Wanda ya ce Sabo, ƙwayar wake ɗaya a ƙwaryar dama. Wanda ya ce Mahmuda, a ta hagu.

Rana kuwa ta buɗe sosai. Mutum ya yi awa uku a layi, ya fito maƙogwaro a bushe, sai ya tarar da Haladu ya ɗebo ruwa a moɗa, raɓa na tsattsafowa a jikinta. Ba ya miƙawa tukuna. Sai ya riƙe, ya yi murmushi.

"Sannu da rana. Wa kaz zaɓa?"

Mutum ya dubi moɗa, ya dubi hoto.

"Haba Malam Haladu, sai ka tambaya? Naku mana."

Wake ya faɗa dama, moɗa ta tafi baki.

Maƙwabcinsa Malam Kamaluddeen, wanda ke koyar da lissafi a sakandare, ya tsaya yana kallo har aka shayar da mutum goma.

"Yaya Haladu, ka ba su ruwan tukuna, sannan ka tambaya. Kuma ka cire hoton nan. Sannan mata ta ƙofar baya suke fita, ko ɗaya ba ka ji ta bakinta ba, alhali layinsu ya fi na maza tsawo."

"Malam, kai allo ka sani, ni mutane na sani. Mace ai abin da maigidanta ya zaɓa za ta zaɓa. Sha ruwa ka wuce."

Da azahar ƙwaryar dama tana da wake ɗari da arba'in da uku. Ta hagu tara kacal. Haladu ya ɗauki hoton ƙwaryoyin, ya watsa a waya cewa Alhaji Sabo ya lashe wannan rumfa, kuma a tuna wanda ya fara faɗa.

Sai ya ga labari irin wannan ba ya tafiya ba nama. Matarsa Saratu tana da rago fari, mai baƙin kunne. Shekara ɗaya da rabi tana kiwonsa da dusa da harawa, da nufin bana ta yi layyarta ta farko da abin da ta kiwata da hannunta. Tana can layin mata. Haladu ya ce a ransa, in Alhaji ya ji irin hidimar da aka yi masa, raguna nawa ne ba za su shigo gidan nan ba? Ya kira mahauci.

La'asar ta yi, ƙamshin gashi ya cika unguwa, mutanen da suka sha ruwa duk sun dawo sun zauna a ƙofar gidana. A ƙofar gidansa, nake nufi. Sai ga Kamaluddeen daga wurin ƙirga ƙuri'a, yana tafe a hankali kamar mai zuwa ta'aziyya.

"An gama, Yaya. Mahmuda ɗari biyu da tamanin da bakwai. Sabo sittin da ɗaya."

Jama'a suka ci gaba da tauna.

Haladu ya juya kan Baba Na'ibi, dattijon unguwa, wanda ke riƙe da tsokar hanta.

"Baba, har da kai? Da bakinka kac ce min Sabo!"

"Na ce, ɗana. Sau ukku ma, don sau ukku ƙishi ya kamo ni, kai kuma kana ta jefa wake. Ka riƙe ma tsoho moɗa a rana irin wagga, ko sunan jakinka ka so ji, sai in faɗa."

Mutum taran da suka ce Mahmuda kuwa, an bincika daga baya, dukkansu da gorar ruwansu suka zo.

Ana cikin haka Saratu ta dawo, yatsanta da tawadar zaɓe. Ta ga turke ba rago. Ta ɗaga kai ta ga fata a shanye a kan katanga, fara, da baƙin kunne. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar wa Haladu da hankali ke nan.

"Baban Zulaihat, murnar wa anka yi da ragona?"

"Innar Zulai, bari in yi miki bayani. Ƙididdiga ce ta..."

"Ni Malam Mahmuda na zaɓa. Shi ya koya ma ɗiyanmu karatu. Da ka tambaye ni da safe, da na gaya maka, ba sai ka ba ni ruwa ba."

Ranar kasuwar Shinkafi Haladu ya tafi ya samo ɗan rago ramamme. Saratu ta kafa sharaɗi ɗaya: har Sallah, shi zai yi kiwon. Tun daga ranar, kowace safiya ana ganin mai kwarjinin nan da lauje da buhu a bayan gari, masu wucewa suna gaishe shi da, "Sannu Malam, yau wa ya ci?"

To, na ga wasunku sun fara rubuto min cewa sun gane hular. Ba sai kun wahala ba. Ni ne Haladu. Ni na manna hoton, ni na riƙe moɗar, ni na kira mahauci. Mutanen Zurmi ba su ci amanata ba, ƙishi suke ji, kuma suna da kara. Sai dai naman, wannan kam da sun rage min.

Darasi: Amsar da mutum ya ba ka alhali abin da yake buƙata yana hannunka, ba ra'ayinsa ba ce, naka ne ya maido maka. In kana son gaskiya, ka shayar tukuna, ka tambayi har waɗanda suka bi ta ƙofar baya, kuma kada ka sa wuƙa a wuyan abin wani kafin a buɗe akwati. Ku tura wa 'yan uwa kafin zaɓe mai zuwa. Wanda ke da harawa kuma, ya tuna da ni.