Rufin da Korau Ya Yi wa Daji

Wani hakimi ya sa aka sassare rabin gandun daji ana yi masa gawayi. Sai ya ji cewa tauraron ɗan adam na ɗaukar hoton dajin daga sama, hukuma kuma na dubawa. Nan take ya kira Korau mai baibayar ɗakuna.

"Ka rufe mini filin nan kada tauraro ya gani. In ka kasa, gonarka ta zama tawa."

Korau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, in na baibaye shi da ciyawa, za su ga ƙatuwar bukka su zo leƙe."

"To, mu jira gajimaren damina."

"Ai an ce na'urarsa har gajimare ratsawa take."

"Kai! To da me za a rufe?"

"Da ganyen itace, shi kaɗai zai gani bai yi zargi ba. Sai dai daga ƙasa ake dasa wannan rufin, kuma ba ya shiri da gatari."

Hakimi ya sa aka yi dashe, ya hana sara.

Da itatuwa suka girma, ya riƙa cika baki cewa ya yaudari tauraro.

Korau, yana miƙe a inuwa, ya ce, "Wallahi ka gama da shi, ranka ya daɗe. Daji kawai yake gani!"