Bushiyar da Ba ta Ɓare Leda

An yi wata tsohuwar Bushiya a gindin wata tsamiya, ana ce mata Iya Tasalla. Duk dajin an san ta da hali ɗaya: ba ta ɓare leda daga jikin sabon abu, kuma ba ta yar da komai. Rediyonta ta shekara tara da ledarta. Kujerar da surukinta ya aiko mata kuwa, in ka zauna sai ta yi ta ƙara kamar ana taka busasshen ganye.

'Ya ɗaya gare ta, Kuluwa, wadda aure ya kai can hayin babban kogi. Shekara huɗu ke nan ba ta sa ta a ido ba. Ƙafa ta ƙi, hanya ta yi nisa, ga shi ruwa ya cinye gada. Kullum da la'asar sai ta zauna a bakin raminta ta fuskanci gabas, tana ƙoƙarin tuno fuskar 'yarta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne fuskar ta fara ɓace mata. In ta kamo hanci, sai idanu su kuɓuce.

Wata Asabar saƙo ya zo: Kuluwa ta sauka lafiya, an sami mace, suna ranar Juma'a. Haihuwar fari, wadda a ɗakin uwa ya kamata a yi ta! Saƙon ya ƙara da cewa maƙwabcinsu yana da kwamfuta, in Iya ta sami tata za su ga juna ido da ido.

Kasuwar dajin Litinin da Juma'a take ci. Ranar Litinin Iya Tasalla ta ƙulle kuɗin gyaɗarta ta damina uku, ta nufi shagon Dila mai sayar da kwamfuta. Sunansa Ɗanliti, baki gare shi kamar zuma, ga wata faffaɗar wushirya da yake ji da ita. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya yi murmushi don a gan ta.

"Maraba da Hajiya! Kawo kujera, babbar baƙuwa ta zo!"

"Ɗan nan, ban je Makka ba tukuna," in ji Iya Tasalla. "Ƙarama nake so, mai ninkewa. Fuskar yarinyata kawai zan gani."

"Ƙarama? Haba Hajiya! A ƙarama ai rabin hancinta za ki gani. Ga babba ta kan tebur, har gashin idonta sai kin ƙirga."

Maganar ta taɓa ta a inda ke mata ciwo. Amma ta ce, "Ni fa ba ni da wutar gwamnati. 'Yar sola ce gare ni, ƙwai ɗaya take kunnawa."

"Ta isa, har ta yi yawa! To, da me za ki ji muryarta? Ga lasifika biyu. Zafi fa? Ga fanka. Ƙura fa? Ga mayafi. Sai ƙarin ƙwaƙwalwa, don kada injin ya manta fuskar 'yarki."

"Shi ma mantuwa yake yi?" Ta tambaya a tsorace.

"Sosai ma! In ba a ƙara masa ba."

Ai kuwa ta ce a ƙara. Ɗanliti yana rawar jiki ya juya akwatin injin, ya sa haƙori ya fizge wata 'yar jar takarda da aka liƙe murfin da ita, ya tofar a ƙasa, ya cusa abin da zai cusa. Iya Tasalla ta sunkuya ta tsince takardar ta ƙulle a bakin zaninta, ba don komai ba sai don hali. Ta fito shagon ba ko sisi, mai amalanke yana biye da ita da kaya niƙi-niƙi.

A gida aka jona. 'Yar solar ta yi wani ɗan kuka, ƙwan ya mutu, kwamfuta kuwa ko tari ba ta yi ba.

Kwana uku Iya Tasalla tana zaune gaban baƙin gilashi. Ta goge shi da mayafi, ta yi masa magana, ta roƙe shi. Ba ta ganin kowa a ciki sai wata tsohuwa mai furfurar ƙaya tana kallon ta. Tana tunanin can hayin kogi ana ta dakan kunun kanwa, wata ce ke dafa wa Kuluwa ruwan wanka, wata ce ke riƙe da jaririyar. Kewa ta cika mata ciki har tuwo ya ƙi shiga.

Ranar Juma'a da sassafe ta sake ɗaukar amalanke.

"Ɗan nan, abin nan bai tashi ba. Karɓi kayanka ka ba ni ƙaramar. Yau ne suna."

Ɗanliti ya dube ta sama da ƙasa. Yau babu kujera, babu Hajiya.

"Tsohuwa, wutarki ce ba ta da ƙarfi. Ga janareto, zan yi miki sauƙi."

"Da me zan saya? Ai ka kwashe ni tas! Kuma na gaya maka 'yar sola ce gare ni."

"Ni ban ji ba."

"Ka ji! Har ka ce ta yi yawa!"

Ya juya akwatin ya nuna murfin da farce. "To, ina hatimi? Kin yage! Ɗaga ido ki ga allon can. Wanda ya yage hatimi, kaya nasa ne. Dokar shagon nan ke nan tun kafin ki fara furfura."

"Ni? Ni da ko ledar rediyona ban taɓa ɓarewa ba?"

"Wannan ke da rediyonki. Matsa, kina tare mini ciniki!"

Ƙayoyin Iya Tasalla suka miƙe, ta ɗaga murya. Hayaniya ta tara jama'a, har ta jawo Raƙumi, Sarkin Kasuwa. Shi kuwa ba ya gaggawa. Sai ya tauna magana sau bakwai kafin ya furta ta.

Ya saurari kowa, yana tuƙa. Can ya ce, "Ɗanliti, sake karanta mana dokar."

"Ranka ya daɗe, wanda ya yage hatimi, kaya nasa ne!"

"Ko wane ne?"

"Ko uban wane ne, ranka ya daɗe!"

"Iya, wane irin abu ne hatimin nan, kin san shi?"

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe. Sai dai ko 'yar jar takardar da ya tofar."

Ta kwance bakin zaninta. Ga tsohon maɓalli, ga guntun goro, ga zare, ga kuma jar takarda a ninke. Raƙumi ya ɗora ta a murfin, ta zauna daram. Ya ɗaga ta sama, rana ta ratso ta huda biyu na haƙora, da fili mai faɗi a tsakaninsu.

"Iya, buɗe bakinki."

Ta buɗe. Haƙora uku suka rage mata, kowanne yana unguwarsa.

"Ɗanliti, yi mana murmushin nan naka."

Ɗanliti ya damƙe baki gam. Tunda aka haife shi ba a taɓa roƙon sa murmushi ba sai yau. Kasuwa ta ɗauki sowa: "Buɗe! Buɗe!" Da ya buɗe don ya yi rantsuwa, kowa ya ga abin da yake son gani.

"To, kaya naka ne," in ji Raƙumi. "Doka taka ce, ba mu muka rubuta ba."

Nan take Ɗanliti ya mayar da kuɗi. Raƙumi ya sa ya ɗauko ƙarama mai ninkewa a kan farashinta na gaskiya, ya cika ta da wuta, ya nuna wa Iya inda za ta danna, sau uku, kyauta. Kafin azahar labari ya zaga daji. Duk wanda aka taɓa ƙara wa ƙwaƙwalwa ya kinkimo kwamfutarsa ya dawo da ita, shago ya cika da kayan da ba mai saye. Tun daga ranar, da rufaffen baki Ɗanliti yake ciniki.

Da la'asar Iya Tasalla ta zauna a bakin raminta, ta fuskanci gabas, ta danna. Gilashi ya yi haske. Sai ga murya:

"Iya! Iya, kina gani na?"

Tana ji, amma fuskar dishi-dishi take, kamar ana leƙen ta ta cikin ruwan kwata. Ta murza ido, ta matso, ta ja baya. Sai ta lura da ledar da ke manne a gilashin. Ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta sa farce a kusurwa, ta ja a hankali har ta fita duka.

Ga hancin, ga idanun, duk a wuri ɗaya.

Kuluwa 'yar fari ce, Iya Tasalla ba ta iya kiran sunanta. Sai ta ce, "Ke, kin rame." Hawaye suna zuba, ba ta ko share ba.

"Iya, an yi miki takwara. Ga ta."

Aka ɗago jaririyar. Da jin baƙuwar murya sai ta dunƙule, ba a ganin komai sai 'yan ƙayoyi farare masu laushi.

"Ƙyale ta," in ji Iya Tasalla, tana dariya tana kuka. "Haka kika yi mini. Shekara huɗu na jira, zan iya jiran wannan."

Ta zauna tana jira. Can sai ɗan hanci ya leƙo, yana shinshina. Iya Tasalla ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin. Ledar kuwa iska ta ɗauke ta, ta yi cikin ciyawa da ita, tsohuwa ba ta ko waiwaya ba.

Darasin wannan labari shi ne, mai ciniki da ya ga kewa a idon mutum ya mai da ita hanyar kwashe masa aljihu, wata rana dokar da ya kafa don cutar wasu ita za ta kama shi. Ku kuma yara, in kun je sayen abu, ku riƙe abin da ya kai ku, kada zaƙin baki ya sa ku dawo gida da kaya tuli, alhali abin da kuka fita nema ba ya ciki.