Fitila Biyu a Babur ɗin Baba Othniel

Akwai wani mai wayarin ɗin babura a Sabon Gari, ta wajen Muchia, ana ce masa Jafaru. Shagonsa rumfar kwano ce kawai da ɗan ɗakin ajiya a baya. Amma duk layin an san cewa aikin Jafaru ba ya dawowa. Da wannan suna yake taƙama, da shi yake ciyar da iyalinsa.

Cikin masu kawo masa aiki akwai Baba Othniel, wani dattijo manomi da ke zaune a Samaru. Kullum da magariba yakan zo kasuwa ya ɗauki matarsa, Mama Clara, mai sayar da busasshen kifi, su koma gida.

Wata rana Baba ya ce fitilar babur ɗinsa ta gaji, ba ta nuna masa hanya, yana so a mayar da ita biyu irin na samarin yanzu. Jafaru ya tsokane shi cewa ashe gayu bai bar Baba ba. Ya cire tsohuwar, ya ɗaura sababbi biyu, ya sa musu rile, wato ɗan makunnin da ke tura wuta, don su ja wuta kai tsaye daga batir.

Ba a jima ba sai ga babur ya dawo, wai hasken bai kai ba. Jafaru ya kunna, ya ga lallai ta hagu ta fi ta dama rauni. Ya ɗauki kwan gwaji ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har ya gano matsalar: wayar da ke komawa jikin ƙarfen babur ya ɗaure ta a kan fenti, ba ta kama sosai ba. Ya amsa laifinsa a gaban Baba, ya kankare fentin, ya ɗaure ta tam. Fitilu biyu suka kama daidai.

Sai dai Baba ya sake dawowa da ƙorafi iri ɗaya. Jafaru ya duba fiyus, ya buɗe maɓallin hannu, ya auna batir da cajinsa, ya canza rile duk da bai ga laifinsa ba. Komai lafiya lau. Abin ya tsaya masa a rai, har a gida yana cin tuwo yana bin wayoyin nan a kansa.

Dawowa ta uku ta fi muni. Da hantsi Baba ya iso, madubi ɗaya a karye, ransa a ɓace. Jiya da yamma sun faɗa rami a wajen Kwangila, Mama Clara ta gurje gwiwa. A gaban kowa ya ɗaga murya.

“Jafaru, na ɗauke ka ɗa, ka kusa kashe mini mata. In ba ka iya aiki ba, ka faɗa wa mutane gaskiya.”

’Yan acaɓa biyu da ke jiran layi suka dubi juna, suka tura baburansu zuwa wata rumfa. Jafaru ya ji zafin maganar har cikin ƙashinsa. Felix, mai facin taya a gefensa, ya raɗa masa cewa ya kunna fitilar nan take, ya kira jama’a su gani, kowa ya san tsohon ne ke rigima.

Jafaru ya kai hannu zai karɓi makulli. Sai ya ga Baba yana laluben ramin makullin da yatsa, yana karkatar da kai gefe, alhali ga rana ta fito sarai. Jafaru ya janye hannunsa. Haka mahaifiyarsa take yi kafin a gano tana da yanar ido.

Maimakon ya tara jama’a, sai ya roƙi Baba su shiga ɗakin ajiya da babur ɗin. Ya rufe ƙofa, ya kunna fitilu. Haske ya bugi bango har sai da Jafaru ya runtse ido.

“Ka gani ko?” in ji Baba. “Kamar hayaƙi.”

Jafaru ya durƙusa a gabansa, ya rage murya. “Baba, na bi kowace waya a babur ɗin nan. Saura guda biyu da ba ni da kayan aunawa. Don Allah ka bari likita ya duba idonka.”

Tsoro ne ya cika Baba, don ya san ranar da aka ce idonsa ya tafi, ranar zai ajiye babur. Ya fita bai yi sallama ba. Duk da haka, da yamma Jafaru ya rufe rumfa da wuri, ya je ya kai Mama Clara gida da kansa.

Makonni suka wuce, aiki ya ja baya. Ana ta cewa wayarin ɗin Jafaru ya kayar da tsoho. Felix ya yi ta matsa masa ya faɗi abin da ya faru a ɗakin, shi kuwa ya ce lalurar Baba ba labarinsa ba ce.

Rannan sai ga Baba Othniel da sabon tabarau, Mama Clara a bayansa da ƙullin kifi. An yi masa aikin yanar ido, an dace. Ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar da ya yi faɗa, ya sa aka kira masa mutanen layin, ya faɗa musu komai da bakinsa, ya nemi gafarar Jafaru.

Sannan ya miƙa masa makulli. “Ɗana, cire mini guda ɗaya. Ashe tun tuni nake kashe wa bayin Allah ido a hanyar Samaru.”

Layin ya ɗauki dariya, Jafaru kuwa hawaye ne ya cika masa ido. Kafin ya gama kwance fitilar, babura uku na jiransa.

Darasi: In an zarge ka kana da gaskiya, kada ka wanke kanka da tona asirin wani. Ka yi haƙuri, ka duba abin da ke damun mai faɗan, wataƙila tsoro ne yake magana. Ku tura wa ’yan’uwa, musamman masu dattijo a gida da har yanzu yake hawa babur.