Hudar da Biri Ya Toshe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Zanzaro ne ke ƙera 'yan mayaƙan yumɓu, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, dabbobi na jera su a faifai suna wasan yaƙi. Kowace kasuwa sai ya ƙara musu kuɗi, amma masu saye har turereniya suke yi. Abin ya tsaya wa Biri a rai.

Ya ce wa Kurege, "Dubi ƙugunsa kamar zare, wai shi ake wa layi! Ni fa, da yatsuna goma?"

Kurege ya ce, "Tsadar kam ta ishe mu. Amma fasahar tasa ce, je ka roƙe shi ya koya maka."

"Ni in roƙi ƙwaro? Allah ya kiyaye!"

Sai ya sayi guda, ya kwaikwaye shi har ɗari. Da ya ga 'yar huda a ƙarƙashin na Zanzaro, ya yi tsaki: "Duk tsadar nan, ashe aikin ma a ɓule yake!" Ya toshe nasa kaf.

Ranar gasa su a wuta ya tara dabbobi, yana shelar rabin kuɗi. Wuta ta kama, tururin cikin yumɓun ya rasa mafita, don ta hudar nan yake fita. Tas! Tas! Mayaƙa suka tarwatse, kowa ya ranta a na kare.

Zanzaro ya sauka kan toka, ya ce, "Malam Biri, ka kwashe adon, ka bar sana'ar."

Washegari Zanzaro ya ninka kuɗin mayaƙansa. Dabbobi suka bi Biri da jifa, har yau bai sauko daga bishiya ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya fashe a wutar Biri.