Fitilar Usta Gabir da Gurbin Randa

Akwai wani direban ƙaramar bas mai suna Usta Gabir (Usta laƙabin gwanin direba ne a wajenmu), wanda ya yi furfura yana jigilar mutane tsakanin ƙauyenmu da garin Zagazig. Na sha shiga motarsa, kuma zan faɗi gaskiya a kansa: mutumin nan bai taɓa kai ƙwaya bakinsa ba. Shayinsa mai kauri, gurasarsa da wake, shi ke nan.

Amma yana da abin da yake taƙama da shi fiye da motar tasa. Shi ne idon hanya.

Kun san yadda abin yake a wajenmu. 'Yan sandan hanya kan kafa shinge da sassafe, su zo da likita da 'yan kofunan roba. Duk direban da aka tsayar sai ya ba da fitsari a gwada nan take. Wanda aka samu da ƙwaya ko wiwi a jikinsa, doka ba ta yi masa da wasa: a karɓe lasisi, sannan ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba. In kuwa ya kashe rai yana cikin maye, daga shekara uku ne har zuwa bakwai.

Gabir ne ke fara fita bayan sallar asuba. Ya wuce shingen da ƙirji a buɗe, har ya yi wa jami'in barkwanci. A kan hanyarsa ta dawowa kuwa, duk direban da ya yi kiciɓis da shi sai ya ƙifta masa fitila sau biyu, ya nuna ƙasa da yatsa.

Mai laifi ya gane. Sai ya karkata ya bar kwalta, ya bi tsohuwar hanyar ƙasa da ke gefen magudanar ban-ruwa, ya zagaye shingen. Hanya ce siririya, gona a dama, ruwa mai zurfi a hagu, babu ko ƙarfen kariya.

A tasha, matasan direbobi kamar su goya shi. Musamman Ragab, wani dogon saurayi mai jajayen idanu, wanda ya ƙawata gaban motarsa da korayen fitilu.

"Usta, Allah ya bar mana kai," in ji Ragab wata rana a teburin mai shayi. "Ba don kai ba, da yanzu tsohuwata na kai mini abinci gidan yari."

"Ai da ta huta da kai," Gabir ya ce yana dariya. "Dubi idonka kamar na zakara. Zubo mini shayi, ka daina surutu."

Kawu Subhi, tsohon direban da ya girme su duka, yana gefe yana jan carbi. Bai yi dariya ba.

"Gabir, wannan da kake yi ba zumunci ba ne."

"Kawu, ni na saka masa ƙwayar a baki? Fitilata ce, in na ga dama in ƙifta. Yaran nan suna da iyali. Ka san abin da shekara ɗaya ke yi wa gidan talaka?"

"Na sani. To me ya sa ka hana Nagwa shiga motarsa?"

Gabir ya sha mur. "Wannan daban. Wannan 'yata ce."

Nagwa ita kaɗai Allah ya ba shi, uwarta kuma ta rasu tun tana ƙarama. Tana karatun aikin jinya a Zagazig, kullum da safe sai ta bi hanyar nan. Doka ɗaya ya kafa mata: motar Kawu Subhi ko a fasa tafiyar. Ya fi kowa sanin wa ke haɗiyar me a tashar nan. 'Ya'yan wasu kuwa, ko a jikinsa. Wallahi wannan halin nasa ya sha ba ni haushi.

A daidai mararrabar da hanyar magudana ta rabu da kwalta, akwai randunan ruwa na sadaka. Wata dattijuwa ce ta ajiye su, Ummu Atif. Ɗanta Atif yana cikin mutum uku da suka nutse a magudanar nan wani sanyi da ya wuce, a motar wani direba da ke gudun shinge. Ta sa maƙeri ya yi mata mazauni na ƙarfe, ta ɗora randa ɗaya da sunan kowane mamaci. Kullum ita ke cika su, ta wanke moɗa ta rataye.

Sai dai mazaunin gurbi huɗu gare shi. Randuna uku, gurbi ɗaya wayam.

Wata rana Gabir ya tsaya shan ruwa, ya ce bari ya zolaye ta.

"Hajiya, maƙerin nan ya cuce ki. Ko lissafi ne bai iya ba?"

"Ni na ce ya yi haka, ɗana."

"To wannan gurbin na wa?"

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Ban sani ba tukuna. Kai ne mai fitila, kai za ka riga ni sani."

Ya rataye moɗar, ya yi tsaki, ya ce tsufa ya fara taɓa ta. Amma daga ranar bai ƙara tsayawa a wurin ba.

Aka shiga tsakiyar sanyi. Wata safiya hazo ya taso daga gonaki da ruwa, fari fat, irin wanda mutum ba ya ganin gaban motarsa. Gabir ya kai fasinjansa Zagazig kamar kullum. Akwai shinge ranar, har da likita. Ya juyo da mutum biyu kacal a kujerar baya, wani manomi da matarsa.

Ya wuce shingen kaɗan sai ya hangi baƙin mayafi a bakin titi. Ummu Atif ce, ita kaɗai, nesa da randunanta, riƙe da moɗa. Ya taka burki, ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Hajiya, me ya fito da ke cikin wannan hazon? Shigo, kada a kwashe ki."

Ta shigo ba sallama. Warin laka da ruwan magudana ya cika motar. Gefen mayafinta yana ɗiga.

Suka ci gaba da tafiya. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yau kada ka ƙifta."

"Na'am?"

"Fitilar. Yau ka bar ta."

Girman kai bai bar shi ya saurare ta ba. Ya yi 'yar dariyar dole.

"Hajiya, ke da randa, ni da mota. Kowa ya riƙe sana'arsa."

Suka wuce mararrabar, randunan na tsaye cikin hazo kamar mutane uku a tsugune. Sai ga korayen fitilu sun ɓullo a gabansa, motar tana ɗan layi a kan titi. Ragab ne.

"Gabir," in ji ta, a hankali.

Hannunsa ya riga ya saba. Ya ƙifta sau biyu, ya nuna ƙasa da yatsa. Ragab ya danna masa oda na godiya ya wuce. Ta madubi Gabir ya ga jajayen fitilun baya sun karkata a wajen randunan, hazo ya haɗiye su.

Ya juyo zai ce mata, kin ga duniya ta tashi? Babu kowa a kujerar. Sai jiƙa, da ɗan ruwa yana gangarowa ƙasa.

"Usta, lafiya kuwa?" manomin ya ce daga baya. "Tun ɗazu kake magana kai kaɗai."

"Ina matar da ta shigo?"

"Wace mata? Mun dai ga ka tsaya, ka buɗe ƙofa, ka rufe. Na ɗauka madubi kake gogewa."

Matar manomin ta fara karanta Ayatul Kursiyyu a fili. Gabir ya ci gaba da tuƙi har suka isa ƙauye.

Yana shiga tasha ya ga abin da bai zata ba. Motar Kawu Subhi tana nan inda ta kwana. Tsohon ya tsugunna a bayanta, hannunsa duk baƙin mai.

"Kawu, ba ka fita ba? Ina Nagwa?"

"Sanyi ya kashe batir, ta ƙi tashi. Yarinyar nan kuma jarrabawa gare ta yau. Na yi na yi ta jira, ta ce za a rufe ƙofa. Ta shiga ta Ragab."

Gabir ya dafa motar.

"Kwantar da hankalinka," Subhi ya ce yana goge hannu. "Na ji an ce akwai shinge yau. Ba zai yi nisa ba za su sauke shi, ta sauya mota. Shi ya sa ma na ƙyale ta."

Sai ya ɗago ya ga fuskar Gabir. Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Gabir. Ka ƙifta masa?"

Gabir ya riga ya koma mota.

Tun kafin ya ga wurin ya jiyo kururuwar mata. Ragab ya yi gyangyaɗi a wata kwana, motar ta kife cikin magudanar, tayoyinta a sama. Manoma sun faɗa ruwa da igiyoyi, sun fasa gilashi suna jawo mutane. Ban da mutum ɗaya, kowa ya fito da rai, wasu da karaya, wasu suna amayar da ruwa. Har Ragab ya fito.

Nagwa tana kujerar ƙarshe, a lungu. Ita aka ciro daga baya. An kwantar da ita a kan ciyawa da farar rigarta ta makaranta, wata mata ta cire mayafinta ta lulluɓe ta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yarinya mai kunya, mai gaishe da kowa. Har yau in na tuna ta zuciyata sai ta karye.

A asibiti aka gwada Ragab, gwajin da ya yi ta gudu. Aka samu abin da kowa ya sani. Alƙali ya ba shi shekara bakwai cur, aka soke lasisinsa.

Gabir ya je kotun. Da aka gama, ya matsa kusa da kejin ƙarfen da ake tsayar da masu laifi, da niyyar ya tofa masa yawu. Ragab ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya rame, idanunsa sun washe karo na farko.

"Usta, na cuce ka, na sani. Amma da ka bar ni na faɗa hannunsu ranar nan, da shekara ɗaya zan yi. Da Nagwa ta rubuta jarrabawarta."

Yawun ya bushe a bakin Gabir. Shi babu wanda ya tuhume shi. Babu wanda ya kira sunansa a kotu. Ya fito da ƙafarsa, ba ankwa, ya tsaya a rana kamar wanda bai san hanyar gida ba.

Bayan kwana arba'in ya nemi Ummu Atif. Aka ce ai tun farkon sanyi ba ta ƙauyen, tana gidan ƙanwarta a wani gari, ƙafafunta sun shanye. Maƙwabta ne ke cika mata randunan. Ya nemi gidan ya je.

Ya same ta kwance, ta zama ƙashi da fata.

"Hajiya, don Allah ki gaya mini. Ranar nan, ke ce kika shiga motata?"

Ƙanwar ta ce, "Wace mota, bawan Allah? Matar da ko banɗaki sai mun ɗauke ta?"

Ummu Atif ta ɗaga hannu ta sa ta yi shiru.

"Ban tashi daga gadon nan ba, ɗana. Amma da safen nan na yi mafarki. Na ga na fito daga cikin ruwa, na shiga wata mota, na roƙi direban abu ɗaya." Ta lumshe ido. "Ya ce mini kowa ya riƙe sana'arsa."

Gabir ya durƙusa a bakin gadon ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ta bar shi har ya gaji. Sannan ta ce, "Gurbin nan yana nan. Ni ba ni da ƙarfin ɗaukar randa kuma."

Ni dai ban san mene ne ya zauna a kujerar nan ba, Allah ne masani. Abin da na sani, washegari Gabir ya je wurin masu tukwane ya sayi randa, ya ɗauko ta a kujerar gaba, ya ɗora ta a gurbi na huɗu. Ta zauna daram, kamar an auna.

Ya sayar da motar. Yanzu in ka biyo hanyar da sassafe za ka gan shi a mararrabar, yana cika randuna huɗu, yana wanke moɗa. Wani lokaci sabon direba kan rage gudu ya leƙo ta taga.

"Baba, akwai shinge a gaba?"

Gabir sai ya miƙa masa moɗa.

"Sha ruwa, ɗana. Ka bi kwalta."

Darasi: Dokar da ke hana mai maye tuƙi ba don a wulaƙanta direba aka yi ta ba, don a mayar wa kowa da nasa gida lafiya ne. Wanda ya taimaki mai maye ya kauce wa shinge ba rufin asiri ya yi masa ba, hanya ya buɗe masa zuwa kan rayukan mutane, kuma bai san wa ke zaune a kujerar baya ba. Motar da ba za ka yarda 'yarka ta shiga ba, kada ka share mata hanya ta ɗauki 'yar wani. Ku tura wannan ga duk direban da kuka sani, da duk mai ƙifta fitila yana ganin alheri yake yi. Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya.