Wa Zai Shiga Rijiyar?

Akwai wani mutum, ba zan kama sunansa ba, da ke yawo yana cewa wai idan Allah ya yafe wa mai zunubi ya tauye adalcinsa, idan kuwa ya hukunta shi jinƙansa ya zama zancen baki. Ƙarya yake yi, kuma ya sani! Ya zauna ya ji.

An yi wani sarki mai suna Nomau, wanda garinsa ke shan rijiya ɗaya tak, ya kuwa kafa doka da rantsuwa cewa duk wanda ya ɓata ta, ba za a sake shan ruwanta ba sai an ɗaura masa igiya ya sauka ya yashe ta. Wata rana mata suka kori Jatau majemi daga bakin rijiyar, suna toshe hanci suna ce masa mai wari, shi kuwa baƙin ciki ya ɗebe shi, ya kinkimo ruɓaɓɓiyar fata ya jefa a ciki. Ga shi tsoho, ga ciwon fuka, kowa ya san in ya sauka cikin wannan ɗoyi gawarsa za a jawo.

Aka gurfanar da shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi. Zuciya ce, ba ni da abin cewa."

Tausayi ya kama sarki, ya dubi wazirinsa Irmiya, wanda yake mai bin Almasihu ne, ya ce, "Waziri, kullum kana gaya mini Ubangiji mai adalci ne mai jinƙai a lokaci guda. To ga shari'a, haɗa mini su in gani. In na ce na yafe fa?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, afuwa daga bakinka abu ne mai daraja, amma fatar ba ta jin magana. Ka yafe, yaran gari su kwana da ƙishirwa."

"To in sa dogari ya shiga."

"Me dogari ya yi, ranka ya daɗe? Ka ceci mai laifi da wuyan marar laifi, wanda ba a tambaye shi ba? Wannan zalunci ne ya sa rigar rahama."

Sarki ya fusata. "Kai Irmiya, ka toshe mini kowace ƙofa!"

"Saura ɗaya, amma harshena ya yi mata nauyi. Abin da muka gaskata shi ne, Ubangiji bai ce zunubi ba kome ba ne, bai kuma ɗora shi a kan wani bawa ba. Shi mai dokar, shi aka yi wa laifin, shi ya sauko da kansa cikin Almasihu ya ɗauki ƙazantarmu bisa yardarsa."

Can sai sarki ya miƙe, ya tuɓe rawani, ya ce, "Rantsuwata ce, ni zan ɗauki nauyinta. A kawo igiya." Fadawa suka yi ca, bai saurare su ba. Ya ce wa Jatau, "Baba, zo ka kama igiyar tare da su."

Haka aka zura sarki, majemi na riƙe da igiya yana kuka, yana cewa, "A hankali, don Allah a hankali!" Sarki ya fito da fatar, ya yi ta cika guga da laka ana ja, aka jawo shi yana amai, jikinsa na warin da ya fi na Jatau. Da ruwa ya tsarkaka, sarki ya ba tsohon ƙwaryar farko a gaban matan nan. Waziri kuma, sarki ya yafa masa alkyabbarsa, ya ce daga yau ba a yanke hukunci sai waziri yana zaune.

Adalci shi ne a fitar da fatar, jinƙai shi ne wanda ya shiga ya fitar. To, kai mai gardama, rijiya ta tsarkaka, Jatau yana raye. Nuna mini wanne aka tauye, in ka isa.