Janareton da Ba Ya Kuka a Kan Yashi

"Lafiyarsa ƙalau, matar Yaya."

"To ni ce ba ni da lafiya ke nan?"

Akwai wata mai sayar da ɗanyen kifi da ƙanin mijinta mai gyaran janareto, wanda ake ce wa Likita don yana cika bakin daga ƙarar inji yake gane ciwonsa. Su ke wannan musun.

Shi ya gyara mata janaretonta. Tun da aka dawo da shi, da ta ja igiya sai ya kama wani sabon kuka: gar-gar-ƙwas, gar-gar-ƙwas. Sai ta kashe shi da sauri, kar ya buga gaba ɗaya. Ga wuta ta ƙi zuwa, ga firiza cike da kifi, ƙanƙara sai narkewa take.

Ta ɗora shi a baro ta tura har shagon Likita. Ya sauke shi a kan yashin ƙofar shago, ya ja igiya, inji ya tashi sumul kamar kyanwa na munshari.

Ta kwaikwaya masa kukan da baki, har da karkaɗa kafaɗa. Maƙwabta suka yi ta dariya. Likita ya ce ta bar kifi ta kama wasan kwaikwayo. Ta roƙe shi ya taka gida ya ji da kansa, ya ce shi ba a kiransa sau biyu kan aiki ɗaya.

Haka ta yi ta safa, gida da shago, har tafin hannunta ya yi kanta. A gida kuka, a shago shiru.

Ranar da wari ya fara fita daga firiza, mijinta ya riƙo hannun ƙanin nasa ya kawo shi tsakar gida. Aka ja igiya. Gar-gar-ƙwas, daidai yadda ta yi da baki.

Likita ya gyara murya, ya ce ciwon na can ciki, sai an farke injin. Ya durƙusa da sifana, sai idonsa ya faɗa kan ƙafafun janareton: guda ɗaya ba roba, tsuran ƙarfe ke dukan siminti. Robar tana cikin akwatin kayan aikinsa. Shi ya cire ta ranar gyara, ya manta. A shagonsa yashi ne ke haɗiye ƙarar.

Ya mayar da ita. Inji ya yi luf.

Matar ba ta da sauran ƙarfin faɗa. Ta kifa bokiti ta zauna, tana kallon mijinta na kwashe ruɓaɓɓen kifi yana lodawa a baro.

Likita ya goge hannu a wando, ya ce, "Ai dama na zargi haka. Simintin gidan nan ne ke buƙatar gyara."

Sai yayansa ya turo masa baron.

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana sauraro. In an ce aikinka na da matsala, taka ka je inda matsalar take kafin ka ƙaryata mutum. Ku tura wa kowane Likita da kuka sani.